Terry Callier da Faifansa na Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Masu bibiyar kiɗan jaz da na sol sukan ci karo da sunan Terry Callier a makare, galibi ta bakin wani mawaƙin Ingila ko a cikin wani fim, daga nan sai tambayoyi su biyo baya. Mun tattara waɗanda aka fi yi. Mun fi ba da ƙarfi a kan faifansa na farko, The New Folk Sound of Terry Callier, domin a kansa aka fi samun ruɗani: shekarar fitowarsa, irin kiɗan da ke ciki, da yadda za a saurare shi har a ji abin da aka ɗauka.

Wane ne Terry Callier?

Baƙar fata ne ɗan Amurka, mawaƙi, makaɗin jita, kuma marubucin waƙa. An haife shi ranar 24 ga Mayu, 1945 a birnin Shikago, ya tashi a Cabrini-Green, rukunin gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi da ke arewacin birnin. Unguwar ta fitar da manya: Curtis Mayfield da Jerry Butler da Major Lance duk abokan tasowarsa ne. Da fiyano ya fara tun yana yaro, ya kuma shiga sahun samarin da ke haɗa murya a bakin titi ba tare da kayan kiɗa ba. A 1962, yana ɗan shekara 17, ya je gwaji a kamfanin Chess, aka ɗauki waƙarsa "Look at Me Now". Kamfanin ya so ya tura shi rangadi, mahaifiyarsa ta ce atafau sai ya gama makaranta. A kwaleji ya rungumi jita, ya fara waƙa a gidajen shan kofi da ƙananan kulob na masu waƙoƙin gargajiya. Ya rasu a Shikago ranar 27 ga Oktoba, 2012 yana da shekara 67, bayan fama da ciwon daji.

To mawaƙin jaz ne, ko na sol, ko na gargajiya?

Duka ukun, kuma wannan ce ta cuce shi a kasuwa. Muryarsa ta sol ce, mai kauri da ɗumi, tana karkarwa idan ya ja dogon sauti. Kayan aikinsa na masu gargajiya ne, jitar katako da yatsu. Tunaninsa kuwa na jaz ne: ya tsaya a kan sauti ɗaya ko biyu na tsawon mintuna yana juya baiti, yana miƙa shi, yana sake shigowa ta wata ƙofa. A shekarun 1960 shagon faifai a Amurka yana rarraba kaya akwati-akwati, gidajen rediyo ma haka, wannan na masu son rawa a unguwannin baƙaƙe, wancan na ɗaliban jami'a, ga na jaz can gefe. Faifan da bai zauna daram a akwati ɗaya ba, mai shago bai san inda zai ajiye shi ba, mai gabatar da shiri bai san lokacin da zai sa shi ba.

Wa ya ɗauki faifan, kuma su wa suka yi kiɗan?

Samuel Charters ne furodusa. Mai binciken tarihin kiɗan buluz ne, a lokacin yana nemo wa kamfanin Prestige masu waƙoƙin gargajiya. Shi kuwa Prestige kamfanin jaz ne da Bob Weinstock ya kafa a 1949, wanda ya fitar da ayyukan Miles Davis da John Coltrane da Sonny Rollins. An yi ɗaukar a Shikago a 1964.

Mutum uku ne kacal. Callier da murya da jita, sai Terbour Attenborough da John Tweedle, kowannensu da bes, babban nan na katako mai tsirkiya huɗu da ake tsayarwa a ƙasa, wanda tsawonsa ya kai na mutum. Ba ganga, ba fiyano, ba kayan busa, ba 'yan amshi. Lambar faifan a jerin Prestige ita ce 7383.

Daga ina dabarar bes biyu ta fito, kuma me take yi wa waƙa?

Daga John Coltrane. A 1961 Coltrane ya yi ta gwada bes biyu a lokaci guda, a faifansa Olé Coltrane inda Art Davis da Reggie Workman suka kaɗa tare, da kuma wasannin da ya yi a kulob ɗin Village Vanguard a watan Nuwamban shekarar. Callier ya kalli wasan Coltrane ido da ido, ya kuma sha faɗa a hirarraki cewa abin ya girgiza shi har ya ajiye jita na wani lokaci, don a ganinsa in ba zai iya zuba irin wannan ƙarfin zuciya a aikinsa ba, gara ya nemi wata sana'a.

Dabarar rabon aiki ce. Bes ɗaya ya riƙe sautin tushe can ƙasa yana maimaitawa, ɗayan ya hau sama ya yi yawo yana amsa wa murya. Na ƙasan ne ke riƙe lokaci a madadin ganga, sai dai ba ya yanka waƙa gunduwa-gunduwa yadda bugun ganga yake yi. Saboda haka mawaƙin yana da damar jan baiti iya inda numfashinsa ya kai, ya makara da gangan, ya tarar da kiɗan a gaba. Wannan sakewar ita ce jaz ɗin da ke cikin faifan. Wanda ya saurari jita da murya kaɗai zai ɗauka wani saurayi ne ke rera tsofaffin waƙoƙi a hankali, ya wuce.

Waɗanne waƙoƙi ne a ciki? Shi ya rubuta su?

Takwas ne a bugun asali: "900 Miles", "Oh Dear, What Can the Matter Be", "Johnny Be Gay If You Can Be", "Cotton Eyed Joe", "It's About Time", "Promenade in Green", "Spin, Spin, Spin", da "I'm a Drifter". Akasarinsu ba nasa ba ne. Huɗun farko tsofaffin waƙoƙin gargajiya ne da aka gada baki da baki, ta ƙarshen kuma ta Travis Edmonson ce. Rubutunsa na kansa sai a faifan baya ya bayyana sosai.

Gwanintar tana cikin abin da ya yi da su. "Cotton Eyed Joe" yawancin mutane sun san ta a matsayin waƙar rawa mai sauri, shi kuwa ya sassauta ta har ta koma kukan wanda aka raba da masoyi. "Oh Dear" waƙar yara ce ta Ingila, yarinya tana jiran saurayin da ya daɗe a kasuwa. A bakinsa jiran ya zama fargaba ta gaske, ta wadda take zaton ba zai dawo ba. "900 Miles" ta mutumin da ke bin layin dogo ce, nesa da gida. "I'm a Drifter" ta kusa minti tara, kuma a nan ne ya fi sakin jiki. A ra'ayinmu ita da "900 Miles" su ne ƙashin bayan faifan. "Johnny Be Gay" ta fi sauran sauƙin nauyi.

A 1968 ƙungiyar kiɗan rok ta Shikago mai suna H.P. Lovecraft ta ɗauki "Spin, Spin, Spin" da "It's About Time" ta sa a faifanta na biyu, har wasu suka fara jin waƙoƙin ta can.

Me ya hana faifan fitowa da wuri?

Charters ya yi tafiya zuwa Meziko da tef ɗin ɗaukar a hannunsa, ya daɗe bai dawo da shi ba. A yau wannan ba komai ba ne, fayil ne da za a tura ta intanet. A wancan zamani tef ɗin asali shi ne komai. Daga gare shi injiniya yake yanka layin sauti da allura a kan wani faranti mai laushi, a lulluɓe farantin da ƙarfen nikel a ciro hatimi, a ɗora hatimin a injin da ke matsa roba mai zafi, fuska biyu a lokaci guda. In babu tef, ko matakin farko ba za a taka ba.

Da faifan ya fito daga baya, a 1968, ba wanda ya sanar da mai shi. Ɗan'uwansa ne ya gan shi a wani shago a Shikago ya kawo masa labari.

Shekara huɗu ce fa kawai. Ita ce za ta kashe faifai?

A waɗannan shekarun, ƙwarai kuwa. A 1964 waƙar gargajiya da jitar katako tana da kasuwa a jami'o'i da kulob-kulob. Amma a watan Fabrairun shekarar Beatles suka sauka Amurka, a Yulin 1965 kuma Bob Dylan ya hau dandalin bikin Newport da jitar lantarki, jama'a suka bi. Coltrane ya rasu a Yulin 1967. Zuwa 1968, shekarar da aka kashe Martin Luther King, kunnen baƙaƙen Amurka yana wajen Aretha Franklin da James Brown, kiɗa mai ganga da kayan busa da saƙon gwagwarmaya kai tsaye. Faifan da sunansa ke shelar sabon salo ya iso bayan an tashi kasuwar. Ga shi Charters ya riga ya koma kamfanin Vanguard, babu wanda zai tsaya wa faifan a cikin Prestige, ya bi gidajen rediyo, ya nema masa talla.

Wasu wurare sun rubuta 1965 ko 1966, wasu 1968. Wacce zan ɗauka?

Ka rubuta 1964 a matsayin shekarar ɗauka, 1968 a matsayin shekarar fitowa. Da 1968 ɗin kamfanin Craft Recordings, mai riƙe da kayan Prestige yanzu, ya yi lissafi lokacin da ya fitar da bugun cika shekara 50 a 2018. Ruɗanin ya samo asali ne daga lambar 7383, wadda ta faɗo a tsakiyar faifan da Prestige ya fitar a 1965 da 1966. Kamfanoni sukan ware lamba tun ana shirin aiki, don haka lamba ba ta nuna ranar da kaya ya shiga shago.

Na saurara a waya, ban ji bes ko ɗaya ba balle biyu. Me ya faru?

Sifikar waya ce. Sautin da ya fi kauri a bes yana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa, tsirkiyar jita mafi kauri kuma sau 82. Ƙaramar sifikar waya ba ta iya fitar da abin kirki sai sauti ya haura ɗaruruwa, don haka kashi biyu cikin uku na makaɗan faifan sun ɓace kafin su iso kunnenka. Ga abin yi:

Ka yi amfani da iyafis mai toshe kunne sosai, ko babban abin sauraro mai rufe kunne. In robar iyafis ba ta zauna daidai ba, iska na shiga, kaurin sauti zai zube. Canza girman robar kawai yakan gyara matsalar.

Ka duba saitin wayar, kada ya kasance an haɗe hagu da dama wuri ɗaya. Da kunne biyu ake rarrabe bes ɗin.

Kada ka ƙure maɓallin ƙara kauri. A kiɗan rawa yana da daɗi, a nan kuwa zai cakuɗa bes biyun su zama gurnani guda. Ka bar saitin a miƙe.

Ka guji fayil ɗin da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya ana matse shi. Mai ingancin kilobit 320 a daƙiƙa yana cin megabait 2.4 a kowane minti, wato minti 40 zai ci kusan megabait 96. Mai kilobit 128 zai ci kusan 38, kuma ya wadatar in data ta yi wuya. Ƙasa da haka, amon tsirkiya da numfashin mawaƙin ne suke fara lalacewa.

Faifai ne mai shiru da yawa a cikinsa. Kusa da janareto ko a cikin mota rabinsa za ka ji.

Ina son faifan garmaho. Yaya zan bambance bugun asali da na baya?

Fara da bayan kwali. Bugun shekarun 1960 ba shi da zanen layukan nan da ake haskawa a kanti, domin sai a ƙarshen shekarun 1970 aka fara sa su a kwalin faifai. In ka ga sunan Fantasy, kamfanin da ya sayi Prestige a 1971, ko BGP, tambarin da kamfanin Ace na Ingila ya sake buga faifan da shi a shekarun 1990, ko Craft da uwar kamfaninsa Concord, to bugun baya ne. Sannan ka karkata faifan a haske ka duba santsin da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya, akwai lambobi da aka karta a wurin. Ka nemi mai sayarwa ya aiko da hotonsu, ka gwada da na Discogs, shafin intanet da ke tattara bayanan faifai.

Shawararmu: in sauraro kake so, sayi bugun baya. Na asali bai yi yawa ba tun farko, masu tarawa sun tsawwala masa kuɗi, kuma wanda ya sha hannu yana ƙara-ƙara. A faifan rawa ganga takan rufe wannan ƙarar, a nan babu abin da zai rufe ta. In dole sai na asali, kada ka karɓi wanda darajarsa ta gaza VG+, wato mai kyau sosai da ɗan alamun amfani, a ma'aunin 'yan kasuwar faifai. Bugun Craft na 2018 faifai biyu ne, da ƙarin waƙoƙi da wasu ɗauka na biyu da ba a taɓa fitarwa ba.

Na sa faifan a na'ura, sautin ya fito siriri, ko murya ta yi nauyi fiye da kima. Ina matsalar?

Siririn sauti kusan kullum rashin ƙaramin amfilifaya na allura ne. Wajen yanka faifai ana rage kaurin sauti da gangan, a ƙara na sama, don layin ya yi ƙanƙanta ya ishi minti ashirin a fuska ɗaya. Wannan ƙaramin akwatin ne ke mayar da kowane sauti matsayinsa. Ka haɗa na'urar a ramin da aka rubuta Phono a jiki, ko ka kunna na cikinta in tana da shi. In ka haɗa a ramin Aux kai tsaye, bes zai tafi gaba ɗaya.

Nauyin murya kuwa matsalar gudu ce. Faifan inci 12 ne, yana juyawa sau 33 da sulusi a minti. Tsofaffin na'urorin Amurka da yawa suna ɗaukar gudunsu daga wutar can, mai bugu 60 a daƙiƙa. Wutar Najeriya da Nijar da Ingila 50 ce. Irin wannan na'ura za ta juya kusan sau 28 a minti, murya ta faɗi da kusan mataki ɗaya da rabi a ma'aunin sautin kiɗa, mutumin da dama muryarsa mai kauri ce ya koma kamar mai magana daga cikin rijiya. Taransifoma tana gyara ƙarfin wuta daga 230 zuwa 120, amma ba ta gyara bugun. Magani shi ne a canza ƙaramin ƙarfen da bel yake zagayawa a kan injin na'urar da wanda aka yi don 50, ko a sayi na'urar da ke daidaita gudunta da kanta.

Sauran ƙananan abubuwa: nauyin allura ya bi abin da maƙerinta ya rubuta, galibi tsakanin giram 1.5 da 2.5. Rage shi fiye da kima ya fi ɓata layi, don allurar takan yi tsalle tana dukan bango. Waƙar da ke kusa da tsakiya ta fi saurin nuna allurar da ta cinye, kuma a nan "I'm a Drifter" take ƙarewa. A ajiye faifai a tsaye, nesa da rana da zafin kwano, a share ƙura da burushi mai laushi kafin a sa. Ban da kananzir, ban da fetur.

Bayan faifan farko me ya yi?

Ya ci gaba da wasa a kulob-kulob na Shikago. A 1970 ya shiga zauren marubuta waƙa da Jerry Butler ya kafa, inda ake biyan matasa su zauna su rubuta. Shi da abokin aikinsa Larry Wade suka rubuta wa ƙungiyar The Dells "The Love We Had (Stays on My Mind)", wadda ta shiga goman farko a jerin waƙoƙin baƙaƙen Amurka mafi kasuwa, wato jadawalin R&B a 1971. Wannan nasara ce ta buɗe masa ƙofar Cadet, reshen Chess.

Tsakanin 1972 da 1974 ya fitar da faifai uku a Cadet: Occasional Rain, What Color Is Love, da I Just Can't Help Myself. Duka Charles Stepney ne ya tsara kiɗansu, mutumin da ya yi aiki da Rotary Connection da Minnie Riperton, daga baya kuma da Earth, Wind & Fire. Stepney bai danne muryar da tarin kaya ba, ya san lokacin da zai shigo da goge da lokacin da zai bar jita ita kaɗai. A na farkon akwai "Ordinary Joe", kuma Riperton tana cikin 'yan amshi. A na biyun akwai "Dancing Girl" mai kimanin minti tara da "You Goin' Miss Your Candyman". Mai niyyar saye ya sani cewa kwalin What Color Is Love hoton mace ne ba tufafi a kan kujera, ba na ajiyewa a falo ba ne.

Masana sun yaba wa waɗannan ukun. Me ya sa ba su sayu ba?

Abin da ya ci Doma bai bar Awai ba: ya sake isa kamfani a lokacin da gidan ke rushewa. An sayar da Chess ga kamfanin GRT a 1969, Leonard Chess ya rasu a watan Oktoban shekarar, sababbin masu shi kuma 'yan kasuwar tef ne, ba masu renon mawaƙi ba. A 1975 aka sake sayar da abin da ya rage ga All Platinum. A 1976 Stepney ya rasu yana da shekara 45, Callier kuma ya tashi ba kwantiragi.

Akwai kuma tsawon waƙoƙin. Rediyo na son minti uku, shi kuwa mafi kyawun aikinsa yana kai shida zuwa tara, kuma ba ya yankuwa, don ginin yana hawa ne a hankali.

Kamfanin Elektra ya ɗauke shi a sashen jaz da Don Mizell ke jagoranta, ya fitar da Fire on Ice a 1978 da Turn You to Love a 1979. An yi ƙoƙarin jan sa zuwa kiɗan disko, kayan ba su zauna masa sosai ba. Duk da haka "Sign of the Times" ta kai lamba 78 a jadawalin R&B bayan Frankie Crocker, shahararren mai gabatar da shiri a rediyo, ya mayar da ita taken shirinsa. Iyakar abin da ya samu a jadawalin Amurka da sunansa ke nan.

Gaskiya ne ya bar waƙa ya koma aikin kwamfuta?

Gaskiya ne. A 1983 riƙon 'yarsa ya dawo hannunsa, ya ga kuɗin kulob ba zai ciyar da yarinya ya kai ta makaranta ba. Ya koyi rubuta manhajar kwamfuta, ya sami aiki a cibiyar binciken ra'ayin jama'a ta NORC da ke Jami'ar Shikago, yana kuma karatun dare har ya yi digiri a ilimin zamantakewa. Abokan aikinsa ba su san cewa mawaƙi ne ba.

Yaya aka yi ya dawo?

Ta Ingila. Masu sa faifai a wuraren rawa na can sun daɗe suna tono tsofaffin waƙoƙin sol na Amurka da ba su yi kasuwa ba, "Look at Me Now" da "Ordinary Joe" suna cikin waɗanda suka karɓu. A farkon shekarun 1990 Eddie Piller na kamfanin Acid Jazz ya nemo shi ta waya, ya sake fitar da "I Don't Want to See Myself (Without You)", waƙar da wani ƙaramin kamfani ya buga a 1982 ta nutse. Daga 1991 Callier ya riƙa zuwa Ingila wasa a lokacin hutunsa na aiki, ya koma ofis ranar Litinin. Jazz Café da ke unguwar Camden a Landan ta zama kamar gidansa.

A 1997 ya yi waƙa da mawaƙiyar Ingila Beth Orton, wadda ta sha ambaton faifansa na farko a cikin abubuwan da suka gina ta. A 1998 Timepeace ya fito a Talkin' Loud, kamfanin Gilles Peterson, ya kuma sami lambar yabo ta Time for Peace. Bayan labarin ya bazu ne ya rasa aikinsa na ofis, ya koma waƙa gaba ɗaya yana da shekara 53. Ya yi aiki da Paul Weller a 2002, ya rera "Live with Me" da Massive Attack a 2006, faifansa na ƙarshe kuma shi ne Hidden Conversations na 2009. Fim ɗin Faransa Intouchables na 2011 ya sa "You Goin' Miss Your Candyman", da yawa ta nan suka fara jin muryarsa.

Ya ci moriyar faifan farko kuwa?

A sana'ar faifai haƙƙi biyu ne. Akwai na ɗaukar sauti, wanda galibi kamfani ke mallaka, mawaƙi ya sami ɗan kaso bayan an cire kuɗin da aka kashe. Akwai na rubutun waƙa, wanda ke biyan marubuci duk lokacin da aka buga, aka sa a rediyo, ko wani ya sake rerawa. Faifan da bai sayu ba, kuma akasarin waƙoƙinsa na gado ne ko na wasu, ta kowace fuska abin da zai kawo kaɗan ne. Waƙa ɗaya da ya rubuta wa The Dells ta fi shi hanyar shigowar kuɗi. Haka kuma duk wanda zai yanki wani yanki na kiɗansa ya sa a sabuwar waƙa, kamar yadda ƙungiyar Urban Species ta yi da bes ɗin "Candyman" a 1994, sai ya nemi izini daga ɓangarorin biyu.

Ni mawaƙi ne, ina son gwada wannan salon. Ta ina zan fara, kuma ina ake tuntuɓe?

Zaɓi waƙar da kowa ya sani mai gajeren baiti, ka rage gudunta zuwa rabi. Ka tsaya a kan riƙo biyu na jita, ka kaɗa da yatsu: babban yatsa a tsirkiyoyi uku masu kauri, sauran a na sirara. In kana son sautin tushe ya daɗe yana amo, sassauta tsirkiya ta shida da mataki ɗaya, daga E zuwa D, ka bar ta a sake.

Tuntuɓe na farko numfashi ne. Baitin da kake gamawa da shaƙa ɗaya a gudun da ka saba, yanzu yana neman biyu. Ka yi alama a takarda inda za ka shaƙa, a ƙarshen ma'ana, ba a tsakiyar kalma ba. Na biyu, gudu yakan ƙaru ba ka sani ba saboda babu ganga, musamman in murya ta hau. Ka ɗauki gwaji, ka kwatanta minti na farko da na ƙarshe. Na uku, bes biyu a wuri ɗaya sukan yi karo. A yi yarjejeniya tun kafin a fara: ɗaya ba zai bar tsirkiyoyi biyu na ƙasa ba, ɗayan ba zai sauko musu ba, a haɗin sauti kuma a karkata ɗaya hagu ɗaya dama.

Wajen ɗauka, ka sa makirfon jita kimanin santimita 20 zuwa 30 daga inda wuya ya haɗu da gangar jikinta. In ka saita shi a bakin ramin, sautin zai kumbura ya shiga hurumin bes. Ku ɗauka tare a ɗaki ɗaya kuna ganin juna, domin wannan salon ya dogara ne a kan makaɗi ya ga lokacin da mawaƙi zai ja numfashi. Kuma kada injiniya ya matse sautin ya daidaita ƙarfinsa daga farko har ƙarshe, hawa da saukar ne abin sauraron.

Wanda bai taɓa jin sa ba, da wane faifai zai fara?

In kunnenka ya saba da sol mai cikakken kiɗa, fara da What Color Is Love, ka bi da Occasional Rain, sannan ka dawo kan na farko, a lokacin ka riga ka san muryar, sai ka ji ta ba ado. In daga jaz ka fito, shiga na farkon kai tsaye, ka saurari waƙoƙi takwas ɗin a jere yadda aka tsara su, ka bar ƙarin na bugun baya sai wani zama. Wanda ya ƙosa ya ji yadda yake a gaban jama'a a wancan lokacin ya nemi Live at Mother Blues 1964, ɗaukar wani kulob na Shikago da kamfanin Premonition ya fitar a 2000. Na Elektra biyun a bar su sai ƙarshe.